Ƙarƙashin Sabon Shugabanci

Maigidana ya yi kwas na kwana uku a kan dabarun talla, ya dawo da takardar shaida da sabon suna. Mu muka raɗa masa Masani, don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Da yake ba shi da shagon kansa da zai gwada ilimin a kai, sai idonsa ya faɗa kan shagon askin Babana.

Shekara talatin da ɗaya Baba yana aski a ɗaki guda a bayan tashar mota, can ƙarshen gari, mota biyu yake hawa kafin ya isa. Kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, benci a ƙofa. Mutanensa tsofaffi ne irinsa, ba su kai arba'in ba, amma ya san kan kowannensu kamar tafin hannunsa. Tun rasuwar Mama su ne hirarsa, su ne dariyarsa. Ko lambar wayarsa ba su da ita. Me za su yi da ita, alhali sun san inda yake?

"Baba, matsalarka ita ce ba ka da suna a kasuwa," in ji Masani.

"To, Malam," in ji Baba. Kunyar suruki ba ta bari ya ce a'a. Ni ma, Allah ya yafe mini, na sa baki, don ina son a ce mijina ya iya wani abu.

Aka rufe shago mako biyu ana gyara. Benci ya tafi, wai yana zubar da aji. Aka sa ƙofar gilashi mai duhu, wadda na ciki ke ganin na waje, na waje kuwa fuskarsa kawai yake gani. Aka liƙa hotunan samari masu askin zamani, irin wanda Baba bai taɓa yi ba, kuma da zai gan shi a kan jikansa da ya sa kuka. Aka sauke ɗan allon da ke ɗauke da sunansa, aka ɗora wani mai faɗin ƙofar gareji: CIBIYAR ƘAWATA MAZA. Daga ƙasa, da jan fenti: ƘARƘASHIN SABON SHUGABANCI. Sai lambar wayar Masani.

Na tambaye shi wane ne sabon shugaban.

"Ke ba za ki gane ba. Haka manyan kamfanoni suke rubutawa. Yana jawo hankali."

Ya kuma buɗe wa cibiyar shafi a intanet. Cikin kwana goma muka samu mabiya ɗari takwas, ya zo yana nuna mini bakinsa har kunne. Yawancinsu a wasu ƙasashe suke, rabi kuma mata ne, amma ya ce a talla ba a raina kowa.

Samari uku suka shigo a makon farko. Suka nuna hoton bango, Baba ya nuna musu abin da ya iya, suka fita suna danne dariya. Tsofaffin kuwa ko ɗaya. Baba yakan hango su ta gilashi sun tsaya tsallaken titi, su ɗaga kai su karanta allo, su girgiza kai su wuce. Ya ɗauka fushi suke yi don ya ɗauke musu benci, kunya ta hana shi leƙowa. Da sassafe yake shigewa, sai titi ya yi tsit yake fitowa. Wanda ya kira waya kuma ya ce ina tsohon, Masani ne ke amsawa da muryar ofis: "Yallaɓai, komai ya canza yanzu. Sabon tsari ne."

Wata biyu aka yi a haka. Baba ya rame, ya daina ba mu labarin kowa a gida. Masani ya ce wannan shi ake kira lokacin jiran kasuwa, yana cikin littafin kwas, shafi na sha biyu.

Ranar wata Talata na kai wa Baba abincin rana. Ina ajiye kwano aka banko ƙofar. Wani tsohon direba ne, cikin mutanensa na farko-farko, ya shigo da sandarsa yana huci.

"Ina sabon shugaban? Yau sai ya gaya mini inda kuka kai mutumin..."

Ya yi turus. Baba na zaune a kujerar aski, cikin farar rigar da Masani ya ɗinka masa mai tambarin cibiya a ƙirji.

"Kai ne? Kana nan?"

"Ina zan je?"

"An ce surukinka ya karɓe shago ya sallame ka! Ga shi a rubuce a waje! Muka haɗu muka yi alkawari ba wanda zai taka ƙofar nan, ko kyauta ake yi."

Ya cire hula. Gashi fari fat ya cika kan, har ya sauko kan kunnuwa. Wata biyu bai bar kowa ya taɓa shi ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Baba ya tashi ya ba shi kujera, ya yafa masa tawul. Yana aski yana tambaya, ɗaya bayan ɗaya. Tela fa? Ya gaji da jira, yana zuwa wajen wani a kasuwa. Malamin makaranta? Jikansa ke yi masa a gida. Baba yana cewa ba komai, ba komai, za su dawo.

"Mai gyaran agogo fa? Shi na san ba zai kai kansa ko'ina ba." Abokin Baba ne tun suna samari.

Direba ya ɗago kai. Ya dubi Baba ta madubi.

"Yau kwana tara da rasuwarsa. Yana kwance yana ta kiran sunanka. Mu uku muka zo har ƙofar nan cikin dare neman wanda ya san gidanka, muka tarar an rufe, muka kira lambar da ke allo."

Injin aski yana ta kuka a hannun Baba.

"Me aka ce muku?"

"Aka ce mu bi shafinku a intanet."