Kibiyar Tsoho Gau

"Ajiye wannan, Debe. Ko ɓera ka harba da ita, dariya zai yi maka."

Tsoho Gau ne ya faɗa daga kan buzunsa, inda ya kwana tara bai tashi ba. Maƙwabcinsa Debe yana tsugune a ƙofar bukkar, ya baje kibau a ƙasa yana zaɓe. Mako uku babu nama a gidansa. Ga 'yarsa Koba, zazzaɓi ya mayar da ita ƙashi da fata, ko kunun masara aka kai bakinta sai ta kau da kai.

"Baba, ni na ƙera ta fa."

"Ai shi ya sa."

Gau ya turo masa kwarinsa da ƙafa. Kibiya ɗaya ta rage a ciki, mai faɗin kai, wadda ya daka daga wayar shinge tun yana da ƙarfi. Debe ya jujjuya ta. A al'adar yankinsu na Nyae Nyae, mai kibiya ne mai nama, ba mai harbi ba. In tsohon ya cika kafin a dawo, danginsa na ƙauye uku ne za su raba. Me zai iso bakin Koba?

Amma tsinin tasa kibiyar sau biyu yana lanƙwashewa a haƙarƙarin dabba. Ya shafa dafi a bayan kan ta Gau, ya tafi.

Kwana biyu yana bin sawun gwankin da ya harba kafin dafin ya kayar da shi. Da shi da masu taya shi ɗauka suka doso gida da kayan nama, kunnensa na wajen bukkoki, ko zai ji kukan mutuwa. Sai ya ji tarin Gau.

"Wannan busasshen abin ka wahalar da mutane a kai?" in ji Gau. "Akuya ce?"

"Tsohuwar akuya ma, Baba."

"Na sani. Hanta da ƙirji, a kai wa Koba."

Wani ƙanen Gau ya buɗe baki zai musa.

"Sunan uwata gare ta," Gau ya tare shi. "Kai ka taɓa ci kafin uwarka?"

Debe ya ɗauki wuƙa, ya yanko hantar.

Gau bai taɓa naman ba. Kafin rana ta karkata ya cika, ana cikin rabo.

Da Debe ya je mayar da kibiyar cikin kwarin, ya hango Koba a inuwar bukka, maiƙo har haɓa, tana miƙa wa uwarta kwano a ƙara mata.