Alƙali a Gidan Sanyi

Farin alawayyo. Ganyen magarya ƙulle a tsumma. Kafur. Buta. Sabuwar tabarmar kaba. Makara, aron masallacin unguwa.

Kayan da ke bayan akori-kurar ke nan sa'ad da ta fita Ƙofar Taramniya. Ɗahiru ke tuƙi. Mariyatu, matar wansa, tana gefe, ta zuba wa hanya ido.

"Matar yaya, in sunka harbe mu hwa?"

"Ga makara nan baya."

"Guda ta, mu kau biyu."

"Kai ja za a yi. Wa ka iya ɗaukar wanga tumbi?"

Ya yi dariya.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya yi wa sojoji yawa har suka rasa inda za su kai shi. Da suka gaji da gadoji, sai suka gina Gidan Sanyi a bayan gari, suka kafa doka: babban mutum ba ya mutuwa, jinkiri yake yi. A daskarar da shi a tulun ƙarfe, har zamanin da likitoci za su iya tayar da shi. Mijin Mariyatu, Alƙali Junaidu, ya yanke jiki ya faɗi a kotu. Daga asibiti aka zarce da shi can, tun da kaka, ga shi yanzu bazara ta kankama. Liman ya ce ba ya sallar gawar da ba ta gabansa. An bar Mariyatu a tsakiya, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Masu zuwa gidan sai su tsaya a zaure, su rasa gaisuwar da za su yi.

Ranar ziyarar iyali ce. A bakin ƙofa wani kofur ya ɗaga tabarmar da bakin bindiga.

"Wannan fa?"

"Makara ta," in ji Mariyatu.

Ya tuntsire da dariya. "Hajiya, ai nan ba a mutuwa." Ba wanda ya taɓa ba shi umarni a kan makara, sai ya ɗaga musu sanda. Ɗahiru ya tsaya a mota, ita ta rungumi ƙullinta ta shiga.

Likitan da ya tarbe ta ta san shi tun yana yawo da gajeren wando a Tudun Wada. Markus ne, ɗan Malama Naomi wadda ta koya wa 'ya'yanta boko. Ya yi karatu a Turai ya dawo da farar riga. Ya rusuna.

"Inna, sannu da hanya."

"Ɗan Malama. Kai ni."

Ɗakin dogo ne, tuluna jere kamar rumbuna, kowane ya fi mutum tsawo. A waje rana na narka kwalta, a nan haƙoranta suka soma haɗuwa. Markus ya tsaya gaban ɗaya, ya goge ɗan gilashin da ke sama da hannun riga. Ta yi ɗage ta leƙa. Tafin ƙafa ta gani, da babban yatsan da farcensa ya tsage tun ƙuruciya.

"Ina huskatai?"

Ya nuna wani gilashin can ƙasa, daidai gwiwa.

"Kai a ƙasa muke sa su. In ruwan sanyin ya ragu, ƙafa ce za ta fara lalacewa, kai ya tsira."

Mariyatu ta durƙusa. Alƙalin da mutane ke tuɓe takalmi tun daga nesa in za su gaishe shi, ga shi a rataye kamar jemage.

"Ina gabas?"

Markus ya nuna bangon da alƙalin ya ba baya.

Ta miƙe a hankali. Ba ta yi kuka ba.

"Tsakaninka da Allahn da kaka bauta ma, kana iya tashe shi?"

"A'a."

"Waɗanda sunka koya maka hwa?"

"Ko ɓera ba su taɓa tayarwa ba, Inna. Cewa suke wata rana."

"Shi alƙalin, kun tambaye shi?"

"Bai farfaɗo ba." Ya dubi ƙasa. "Manya ne ke so wa kansu. Suna tsoron bakin gari. Aka ce in malami ya riga su shiga, ba mai sauran magana."

"To buɗe."

"In na buɗe, ba a mayarwa. Kuma kotun soja ce."

"Na sani. Ba ni ce maka babu komi, akwai. In ba ka iyawa, gwada mani inda aka murɗawa ka hita."

Ya daɗe yana kallon hannuwanta.

"Ƙarfen zai ɗaye miki fata," ya ce.

Ya sa safar hannu mai kauri, ya kama famfon da ke gindin tulun, ya murɗa da ƙarfi. Farin tururi ya kwanto a ƙasa ya rufe musu idon sawu. Can cikin ginin ƙararrawa ta ɗauka.

"Zai daɗe kafin sanyin ya sake shi. Kada ki tanƙwara masa gaɓa, karyewa za ta yi. Ni zan je in tari Manjo mai kula da gidan, in ce ni na yi."

"Ka ce mu."

Ya sauko da alƙalin da sarƙar da aka rataye shi, ya kwantar da shi a kan tebur. Tare suka juya teburin har fuskarsa ta dubi gabas. Sannan Markus ya fita.

Takun takalman soja ya cika baranda. Mariyatu ta tura ƙofar ɗakin ta ƙarfe da kafaɗa, ta danna sakata. Aka soma duka da gindin bindiga, wata murya tana ihu a buɗe da sunan gwamnati.

Ta matsa bakinta jikin ƙarfen don su ji da kyau.

"Mijina ya rasu. Ba ni buɗewa sai in kushewa za mu."