Rijiyar Mai Awara

Shekara ashirin da biyu Rohaya tana yin awara da ruwan rijiyar bayan gidanta, a wani ƙauye da ke tsakanin gonakin roba da rijiyoyin mai a kudancin Sumatra. Har daga gari ake zuwa saye.

Damina biyu bayan kamfanin mai ya haƙa tafkin zuba dagwalonsa a kan tudu, sai ruwan ya soma sauyawa. Da fari ɗan gishiri-gishiri, daga baya warin kananzir. Awara ta daina kamawa, hannuwan Rohaya suka yi ta ƙaiƙayi.

Duk da haka ba ta tayar da hankali ba, don ƙanenta Darmawi ne jami'in da ofishin muhalli ke turowa. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Doka ta ce a shimfiɗa wa tafkin leda mai kauri, a kuma auna rijiyoyin makwabta duk wata uku, shi ne mai sa hannu.

Ya zo da kwalabensa ya ɗebi ruwa.

"Ayuk," in ji shi, wato Yaya a yarensu, don bai taɓa kiran yayarsa da sunanta ba, "ki kwantar da hankalinki. In da wani abu, ni zan fara ihu."

"Kai da ko agwagwa ba ka iya kora?" ta ce tana dariya. "To, Allah ya sa."

Takarda ta fito: ruwa lafiya lau. Da makwabta suka yi shirin kai ƙara, Rohaya ce ta tare su. "Ɗan'uwana ba ya ƙarya. Waken bana ne bai yi kyau ba." Ta sauya wake, ta ci gaba da sha, tana shayar da jikokinta.

Ranar ƙaramar Sallah Darmawi ya kawo iyalinsa gaisuwa. Rohaya na kicin tana zuba miyar kwakwa a kan shinkafa, sai ta hango 'yarsa Nisrina ta taga, ta ɗebi ruwa a randa za ta kai baki. Uban ya yi wuf ya fizge kofin.

"Me na faɗa miki a hanya?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba a shan ruwan gidan nan, ko kurkure baki ban yarda ba. Je ki ɗauko gora a mota."

Rohaya ta ajiye ludayi ta fito.

"Mawi, me ya sami ruwan gidana?"

Ya ce, "Ayuk, daga sama aka ba da umarni. Kwalaben da suka isa ɗakin gwaji ba naku ba ne. Da na ƙi, wani za a kawo ya sa hannu. Wallahi na so in gaya miki..."

"Wata bakwai kana so? Ka tsare taka 'yar. Nawa jikokin fa, 'ya'yan kaji ne?"

Ya durƙusa zai kama hannunta ya nemi gafara, yadda ƙanana ke yi wa manya ranar Sallah. Ta janye hannun ta kai bayanta.

Washegari ta bi makwabtan gida-gida. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan, tsayawa a ƙofar mutanen da ta hana magana tana cewa ku yafe ni. Ita da makwabta huɗu suka ɗauki ruwa da hannunsu, suka hau bas zuwa wata jami'a a birni.

Sakamakon ya girgiza gunduma. Aka tilasta wa kamfanin kwashe tafkin, aka doɗe rijiyoyi goma sha ɗaya da siminti, har da tata. Darmawi kuwa sauya masa wurin aiki kawai aka yi.

Yanzu tankar ruwa ke zuwa ƙauyen Litinin da Alhamis. Ruwanta bai isa awara ba, don haka Rohaya ta koma suyar ayaba a bakin titi. In masu saye suka tambaye ta labarin ƙanenta, takan ce yana nan lafiya, ta juya ayabarta.