Kilishin Guguwa

Ɗalhatu ɗan gidan fawa ne a Malumfashi. Tun bai kai tsayin teburin mahaifinsa ba ya iya riƙe wuƙa, amma da ya girma sai rabo ya kai shi Doha, ya zama mai gadin wani dogon ginin ofisoshi a Al Mirqab. Aikin ba shi da wuya: ya tsaya bakin ƙofa cikin kaki, sanyin esi na busa shi, ya duba kati, ya nuna wa baƙi hanyar hawa sama. Haka ya yi ta yi har kantar da ke tafin hannunsa ta goge.

A Fereej Abdel Aziz yake kwana, cikin wani tsohon gida da aka tsattsaga da katako aka mai da shi ɗakuna. Ɗakinsu ɗaya da Surajo, wani Bakano direba, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana barci. A ƙasa kuwa akwai Alhaji Iliasu, dattijo daga zangon Kumasi mai tsaron sito, da matarsa Hajiya Mansuratu. Su ne iyayen gidan, ko da yake ba wanda ya naɗa su.

A farkon watan Yuni na 2007 Hausawan gidan suka yi watanda. Suka je kasuwar dabbobi ta Abu Hamour aka yanka musu sa, kowa ya ɗauki kasonsa, aka zuba duka a babbar firizar da ke ƙarƙashin matakala. Ta cika har murfinta ba ya rufuwa sai an ɗora masa bulo. Surajo ya ce daga nan har azumi duk wanda ya sake kawo masa kazar kwali sai sun ɓata.

Ba a yi nisa da cin naman ba sai labari ya cika gari: wata guguwa mai suna Gonu ta taso daga teku ta nufo Oman. A shagon shayin Ba'indiyen da ke bakin layinsu an bar talabijin a kan tashar labarai, ana ta nuna wani farin abu kamar faifai yana juyawa a saman teku. Wasu suka ce a Oman za ta tsaya, wasu suka ce za ta shigo har nan.

Ɗalhatu yana da nasa dalilin zuba ido. Ƙanin matarsa, Haladu, yana Maskat, babban birnin Oman, yana wankin motoci. Da ya kira shi, yaron dariya ma yake yi.

"Yaya, an ce mu bar bakin teku. Sama ta yi baƙi ƙirin kamar a watan Agusta a gida."

"To ka bi abin da aka ce. Ban da taurin kai."

"In sha Allahu, Yaya."

Bayan la'asar Alhaji Iliasu ya tara mutanen gidan a tsakar gida. Ya gyara zama a kan kujerar roba, ya ce da irin Hausarsa ta zango, "Iska nan in ya zo, ba ya tambaya iƙama, katin zama ƙasa. Mu shirya."

Surajo ya yi dariya. "Haba Alhaji! Mu da NEPA ta raina za a tsorata da ɗauke wuta? Ai a cikin duhu aka yanke mana cibiya."

"Madalla," in ji Alhaji. "To je ka kawo mini ashana."

Surajo ya laluba aljihunsa. Aka dubi juna. Duk gidan ba ƙwayar ashana, balle fitila. Ɗalhatu ya tuna cewa a Malumfashi ko da ido rufe ya san inda aci-balbal take, ga randa cike da ruwa a gindin bishiya. Nan kuwa tun da ya zo bai taɓa ganin ƙwan lantarki ya ƙifta ba, har ya manta ana iya ɗauke wuta.

Alhaji ya nuna rufin gidan da carbinsa. "Ruwa da ke tanki, inji ke hau da shi. Wuta ya tafi, ruwa ya tafi, esi ya tafi. Kun san zafin wannan wata."

Wannan ta shiga kunnen kowa. Kafin magariba Surajo ya fito da motar kafil ɗinsa, wato ubangidansa, yana ta "yalla, yalla," kamar shi ya kawo shawarar. Suka zaga shaguna. A na farko kyandir ɗin da suka samu irin ƙananan nan ne masu launi da ake soka wa kek, Surajo ya ce a saya, ko ba komai guguwa za ta tarar ana biki. Sai can wajen wani tsoho ɗan Iran suka sami manya, da tocila, da batura, da wata 'yar rediyo. Suka canjo tukunyar gas. Suka lodo dabino da sardin da garin rogo, wanda Hajiya ta ce shi ne abincin da ba ya neman wuta ba ya neman alfarma. Da suka dawo aka wanke duk wata jarka da bokiti da ke gidan aka cika da ruwa, kowa kuma ya ɗaure katinsa da 'yan takardunsa a leda.

Suna cikin jera jarkoki Hajiya Mansuratu ta dafa murfin firiza. "To wannan fa? Wuni ɗaya ba wuta, wari zai kore mu daga gida."

Wani ya ce a soya, aka ce wane mai zai ɗauki sa guda? Ɗalhatu ya ɗaga bulon ya leƙa. Ya ga cinyoyi jajaye, tsoka zalla ba kitse, irin wadda mahaifinsa kan ware gefe guda ya hana a taɓa.

"Hajiya," ya ce, "in na samo gyaɗa, za ki iya fitar mini da tunkuza?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ni da na yi ƙuli-ƙuli tun ba a haife ka ba?"

"To kilishi za mu yi."

Ya roƙi wani abokin aikinsa ɗan Nepal suka yi musayar ranakun aiki. Da asuba, bayan salla, ya zauna a bakin matakala yana wasa wuƙar kicin a jikin siminti har ta fara aske gashin hannu. Yankan farko ya ba shi kunya. Naman ya huje a tsakiya, na biyu ya yi kauri kamar takalmi. Ya ajiye wuƙar, ya murza yatsunsa, ya yi bisimilla ya sake ɗauka. A hankali hannun ya tuna. Tsoka ta riƙa warwarewa a gabansa kamar ana kwance rawani, fale-fale, har kana hango haske ta cikinta. Bai san lokacin da ya fara 'yar waƙar da suke yi a rumfar fawa ba.

Asabari babu, sai suka ɗauko wani tsohon labulen gora da maƙwabta suka yar, suka wanke, suka shimfiɗa a saman rufi tsakanin tankunan ruwa. Suka kafa gidan sauro a kai saboda ƙuda. Ranar Doha kuwa kamar jira take. Abin da kan wuni ya kwana a gida bai bushe ba, kafin azahar ya yi ƙarau. Matsalar ɗaya ce, kyanwoyin unguwa. Tun da suka ji ƙamshi suka jeru a kan katanga kamar masu jiran zakka. Surajo, da ya dawo daga kai yaran kafil ɗinsa makaranta, shi aka ba gadi. Ya naɗe kai da jiƙaƙƙen tawul, ya riƙe tsintsiya, yana zaginsu da Hausa da Larabci.

A ƙasa Hajiya ta soya gyaɗa, ta niƙa, ta matse mai har tunkuza ta fito. Wajen haɗa labu, wato kunun gyaɗa da kayan yajin da ake tsoma naman a ciki, nan aka yi ja-in-ja. Ɗalhatu ya auna citta da kanumfari da masoro yadda ya gada. Yana juya baya ta ƙara barkono cike da hannu.

"Hajiya, kilishi ne fa, ba shito ɗinku na Kumasi mai azabar yaji ba!"

"Yaji ba ya kisa, ɗana. Shi ke hana nama lalacewa."

Ya ɗanɗana, hawaye ya cika masa ido, amma ya rasa abin kushewa. Aka tsoma naman aka mayar rana. Da yamma suka hura gawayi a cikin rabin duro, Ɗalhatu ya riƙa ɗora kilishin yana juyawa da sauri. Ƙamshi ya bi layin. Wani maƙwabci Basudane mai suna Abdul-Rahaman ya hauro yana tambayar me ake yi. Aka gutsura masa. Ya tauna, ya miƙo hannu a karo na biyu.

Suna cikin wannan aiki guguwar ta faɗa wa Maskat. A shagon shayi suka tsaya cirko-cirko suna kallon ruwa na gudu a kan titi kamar kogi, motoci sun hau kan juna. Ɗalhatu ya kira Haladu, waya ba ta shiga. Ya sake kira, ya sake. Matarsa Khadijat ta bugo daga gida, ta ji a rediyo. Ya ce mata layin ne ya lalace, wanda gaskiya ne. Ya koma rufi ya ci gaba da juya nama, don in hannunsa na aiki zuciyarsa takan ɗan lafa. Alhaji Iliasu ya hauro da ƙyar saboda gwiwarsa, ya zauna kusa da shi a kan bulo yana jan carbi. Bai yi masa dogon wa'azi ba. Abin da ya ce kawai, "Allah na can kamar yadda yake nan."

Guguwar ba ta zo Doha ba. Ta karkata ta yi wajen Iran. Abin da suka gani 'yar iska ce da ta kaɗa shanya, wuta kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Surajo ya tsaya gaban jarkoki da kwalayen kilishi ya riƙe ƙugu. "To Alhaji, an yi wa baƙuwa girki ta wuce gidan maƙwabta."

"Alhamdu lillahi da ya wuce," in ji Alhaji.

Bayan kwana biyu, Ɗalhatu yana bakin aiki wata baƙuwar lamba ta kira shi. Muryar Haladu ce, a dushe. Ruwa ya shiga ɗakinsu har ƙirji, sun fito da kayan jikinsu kawai, wayarsa ta tafi. Yanzu suna wata makaranta da aka tara mutane, ba wuta, famfo ba ya zuwa, amma lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

"Kana cin abinci?"

"Ana kawowa, Yaya. Biskit da burodi sun fi yawa."

Ɗalhatu ya shiga ɗan ɗakin masu gadi ya yi sujada a kan tayil, hularsa ta faɗi gefe. Sannan ya kira Khadijat. Guɗar da ta yi sai da ya janye wayar daga kunne.

Da ya ba da labari a gida, Alhaji ya ce yana da wani ɗan garinsu, Aruna, direban tirela, wanda kamfaninsu ke shirin tura shi Maskat da ruwan kwalba. Ba a yi wata shawara ba. Hajiya ta ɗauko kwali ta fara jera kilishi, Surajo ya kawo tocila da rediyon da batura, ya ƙara da rigunansa biyu da takalmi. Har ƙananan kyandir ɗin nan ya cusa a gefe. Da Aruna ya zo ɗauka, Ɗalhatu ya tambaye shi ko za a bar nama ya tsallake iyaka. Aruna ya shinshina kwalin, ya ce guzurinsa ne, in ma an hana shi wucewa da shi to ya san inda zai ajiye shi, ya shafa cikinsa.

Saƙo ya isa. Haladu ya ce shi da 'yan Bangladesh ɗin da suke kwana aji ɗaya suka cinye, suna ci suna sharɓe hanci suna neman ƙari.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda inuwa take. Hajiya ta jiƙa garin rogo da ruwan sanyi da sukari, aka fito da ragowar kilishi, Surajo ya dafa shayi. Alhaji ya ce jarkokin nan ba za a zubar ba, za su zauna a ƙarƙashin matakala, duk wata a canja ruwan. Surajo ya ce khalas, ya ji, amma kada a sake ba shi gadin kyanwa.

Ana cikin ci sai ga Abdul-Rahaman da cinyar rago a leda. Ya ajiye gaban Ɗalhatu, ya ce yana so a koya masa. Ɗalhatu ya juya cinyar, ya latsa ta da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Wannan ta yi kitse, ta miya ce. Juma'a mai zuwa ka tashi da wuri mu je Abu Hamour, in nuna maka irin wanda ake zaɓa."

Abdul-Rahaman ya ce ya yarda. Hajiya ta karɓi cinyar ta yi kicin da ita, aka matsa masa wuri a kan tabarma.