Yumɓun Inna a Allon Kwamfuta

Ranar da Yaya Abdulbaƙi ya ci kansila, bayan sojoji sun koma bariki, abu na farko da ya yi shi ne tara dangi ya sanar cewa ya zaunar da mahaifiyarmu. Inna Safara'u ta daina ginin tukwane, in ji shi, daga yau sai carbi da hutu. Aka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya tambayi Inna.

Ba ta daina ba. Da ya fita ofis take zagayawa gidan ƙawarta Mairo, ta naɗe hannun riga ta hau yumɓu. Ni Hidaya, autarta, na sani, kuma bakina ƙanin ƙafata. A can ma'aikatan gidan talbijin suka same ta da suka zo Wudil ɗaukar shirin sana'o'in gargajiya. Suka ɗauke ta tana ɗaga wuyan randa, suka ce za a nuna ranar Asabar bayan La'asar. Abu ɗaya Inna ta roƙa, ta ga kanta tana aiki. Tun tana yarinya take gini, ba ta taɓa ganin yadda hannunta yake yi daga waje ba.

Labari ya kai kunnen Yaya, ya hau sama. A cewarsa wani zaɓen ya kusa, abokan hamayya za su ce ya bar uwarsa cikin laka. Talbijin ɗin gidan tasa ce, sai ya sa aka kinkime akwatin aka kulle a ɗakinsa.

"Yaya, Inna fa ke son gani," na ce masa.

"Rabin awa ne, Hidaya. Abin talbijin in ya wuce ya wuce. Kwana biyu an manta."

Raina ya ɓaci. Mutumin da bai iya kunna kwamfuta ba, shi ne zai koya mini abin da ke wucewa!

Ina da shagon buga takardu kusa da tasha. Mijina Bilya ya taɓa sayo wani kati mai kama tashar talbijin a Kano ya cusa cikin kwamfutar, ya ɗaura eriya a kan gora don ya riƙa kallon ƙwallo. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Ranar Asabar kuwa ni na tura shi saman kwano, ina ihu daga ciki: "Juya gabas! Ya wuce! Dawo kaɗan!" Hoton ya yi ta yayyafi kafin ya tsaya. Yaya ya riga ya sa mota ta kai Inna gaisuwa Lajawa don kada ta leƙa gidan maƙwabta, don haka ni kaɗai na gani. Na danna wurin naɗar hoto, na zauna ban ko motsa ba har shirin ya ƙare.

Washegari da hantsi na ɗauko Inna, na aika wa Mairo ta gayyato magina. Shagon ya cika, har masu jiran mota suna leƙe ta taga. Na kunna. Ga Inna a allo, ɗankwali ya zame, tana zagaya randa tana shafa. Mata suka ɗauki guɗa. Ita kuwa yatsunta ne ke motsi a kan cinyarta, suna bin na cikin allon.

Muna cikin kallo karo na uku Yaya ya faɗo shagon da babbar riga, magoya bayansa biyu a baya.

"Ba jiya aka nuna wannan ba? Daga ina kika samo shi?"

"Na ajiye shi ne, Yaya. Gobe ma yana nan. Wanda ya kawo faifai in zuba masa."

"Kashe!"

"Wallahi ba zan kashe ba. Shagona ne."

Ya juya wurin Inna, ya rage murya. "Inna, so kike a ce ban riƙe ki ba?"

Sai a lokacin ta ɗauke ido daga allon. "Ka riƙe ni, Abdulbaƙi. Na ci, na sha, na ɗaura. Amma zaman da ka ba ni ciwo yake sa ni, kuma ba ka taɓa tambayata ba. Zo nan ka zauna."

Ya dubi mutanensa, ya dubi ƙofa. Babu kansilan da zai juya wa uwarsa baya a gaban magina da rabin tasha, kuma shi ma ya san haka. Ya tattare riga ya durƙusa a gefen tabarmarta.

"Hidaya," in ji Inna, "mayar da shi farko. Yayanki bai ga inda na fara ba."