Gafarar da Bango Ya Yi Mini

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, ni Asabe, ya dire ni a ƙasar da ruwan sama ke fitowa daga ƙasa yana hawa sama. Na ɗaure zanina tamau, don ƙara na je kaiwa.

Ga ƙarar. Ɗana Sagiru ya kawo mini wayar gida marar igiya, ya haɗa ta da wani ɗan akwati mai ƙifta wuta, wai ta intanet zan riƙa kiran Kumasi. Shekara goma sha ɗaya ba ma magana da ƙanwata Kande da ke can, a kan tukunyar tagulla ta innarmu. Da azumi ya ƙarato na danne zuciyata na kira ta neman gafara. Na yi kuka, na yi rantsuwa, har na ce ta riƙe tukunyar. Ashe tun a "ina wuni" layi ya yanke, wayar nan ba ta ce uffan ba. Bango na yi ta roƙo.

Kotun a kan tsamiya take. Alƙalin bunsuru ne mai tabarau, yana tauna takardar wani mai ƙara.

"Iya, me ke tafe da ke?"

"Maganata za a ba ni. Ba a banza na haɗiye girmana ba."

Aka kira waɗanda nake ƙara. Wayar ta shigo a kan jaki, akwatin na biye yana ƙifta koren ido.

"Ranka ya daɗe," in ji wayar, "ni ba na sakin layi sai an gaya mini. Layin waya na zamanin da, in wancan ɓangaren ya ajiye, sai ya ɗauke mini wuta na ɗan ƙiftawar ido, ko ya yi mini tut-tut. Akwatin nan kuwa shiru ya yi."

"Na san an yanke mana," in ji akwatin. "Wa ya saita ni in faɗa? Yadda na fito daga kwali haka Sagiru ya cusa ni a bango."

"Ku biyun kun ci gidanku," na ce. Alƙali ya rubuta, ya cinye.

Sai ga mu a cikin akwatin. Fili ne guda, cike da igiyoyin shanya, duk maganar da aka yi bayan layi ya mutu tana nan a rataye. "Ina son ki" ɗin wani bawan Allah yana ɗiga sama. Can na hango tawa, "Kande, ki yafe mini," kaji sun taru suna tsattsagarta. Na kai hannu, ta tashi fir. Na bi ta da gudu ina ƙyaƙyata dariya, ɗankwalina ya riga ni yin gaba.

"Mu ba ma kai saƙo, Iya," in ji bunsurun, yana wucewa a kan gajimare. "Hukunci shi ne ki sake."

"In sake? Ni ce fa babba! Sau biyu?"

"Sau ɗaya. Na farkon ai bango ne ya yafe miki."

Na cire takalmi zan jefe shi, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni. Ga wayar can a kan mazauninta kamar ba ita ba. Na kira, Kande ta ɗauka.

"Kina nan?"

"Ina nan, Yaya."

"To ki riƙa tari in san kina ji. Zan faɗi wata magana, kuma wallahi ba zan yi ta uku ba."