Kujerar Tabawa Mai Waina a Tekun Bahar Rum

Daren jiya Tabawa mai waina ta yi wani mafarki. Ita da ta yi shi ba ta ce ya ba ta mamaki ba, cewa ta yi gajiya kawai ya ƙara mata.

Kafin a shiga mafarkin, gara a san abin da ta kwanta da shi a rai. Shekara talatin da ɗaya Tabawa tana suyar waina a bakin tashar motar Funtuwa, a kan 'yar kujerar tsugunno wadda ba ta da wurin jingina. Wanda ya kira wannan zama bai taɓa gwadawa ba. Autarta Hairi, wadda ke aikin jinya a Italiya, ta gaji da jin kukan ciwon baya a waya, sai ta biya mata tafiya: jirgin sama zuwa can, sannan yawon kwana bakwai a jirgin ruwa cikin bazara, ana zaga tsibirai da biranen bakin tekun Bahar Rum. Abu ɗaya ta roƙa.

"Inna, ban ce ki yi komai ba," in ji ta. "A saman jirgin akwai kujeru masu jingina. Ki zauna, ki jingina bayanki, ki kalli ruwa. Shi ke nan."

To, labari ya fita. Unguwar su Tabawa abu ɗaya ta sani game da Italiya, shi ne takalmi. Kuma a unguwar babu mai yarda da lambar takalmi, don lamba ta sha kunyata mutane. Tsinken tsintsiya ake karyawa daidai tsawon ƙafa, a ba mai tafiya. Cikin mako biyu aka kawo wa Tabawa sautu har tsinke arba'in da uku, kowa da nasa, har da na jariran da ba su fara rarrafe ba. Ba ta iya ce wa kowa a'a ba, don bakinta bai saba da kalmar ba. Ta haɗa su ta ɗaure da zare ɗaya, ta jingina bayan ƙofa. Mijinta Malam Jatau, wanda yanar ido ta rufe masa rabin gani, yana kishingiɗe a kujerarsa ta yadi a tsakar gida yana lissafin tattabarunsa da kunne, bai ma san ana yi ba. Saura kwana uku tafiya ta kwanta.

A mafarkin, jirgin ruwan a cikin tashar mota ya tsaya, tsakanin motocin Gusau da na Zariya. Hawa goma sha biyu ne, fari tas, kuma tekun ya biyo shi har bakin rumfar masu shayi. Babu wanda ya ɗaga kai ya duba.

A bakin ƙofar jirgin akwai tebur, a bayan teburin akwai wani bunsuru da tabarau da farar hula. Ya karɓi fasfonta, ya tauna gefe ɗaya, ya miƙo mata, wannan shi ne hatimi. Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa kujerarta tana can hawa na ƙarshe tana fuskantar teku, da sunanta a jiki. Kwana bakwai kujerar za ta jira ta. Wanda ya fara jingina da ita, ta zama tasa har abada.

Har ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai idonsa ya faɗa kan ƙunshin da ke hammatarta.

"Hajiya, ashe ma'aikaciya ce ke. Ƙofarku tana ta baya."

"Ranka ya daɗe, awon ƙafar mutane ne."

"Maɗaurinsu nawa?"

"Ɗaya."

"Tsintsiya ce," in ji bunsurun, ya rubuta.

Ya ce dokar teku ce, ba shi ya kafa ta ba: duk wanda ya hau jirgi da tsintsiya, shara ya zo yi. Hanya biyu ce ta komawa fasinja. Ko ta jefa ƙunshin a ruwa yanzu, ko kuma ta sama wa kowane tsinke takalminsa har tsintsiyar ta ƙare. Tabawa ta dubi ruwan, ta dubi ƙunshin. A ciki ta hango na Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifinta, wadda ta tako da sanda tun daga bayan masallacin Juma'a ta kawo nata. Ta ce amana ce, ba ta jefuwa. Bunsurun ya ce haka duk suke cewa.

Sai ga ta a hawa na ƙarshe tana shara.

Rana ba ta faɗuwa a wannan tekun, don ita ma hutu ta zo. Ana gane an shiga wani kwanan ne idan bunsurun ya cinye shafi ɗaya na kalanda. Turawa suna kwance jere a rana, an shafe su da mai, ba mai motsi. Tabawa ta lura wani tsoho ya soyu ta gefe ɗaya har ya fara ƙauri, kuma babu mai kula. Hannunta bai yi shawara da ita ba, ta sa cokali ta juya shi. Ya yi godiya. Na kusa da shi ya ɗaga yatsa, na gaba ma haka. Kafin a jima juya Turawa ya shiga cikin aikinta, kuma a gaskiya babu wanda ya ƙone a hannunta.

A ƙarshen layin ta tarar da kujerarta. Doguwa ce, ta yadi mai ratsin shuɗi, an rubuta TABAWA a majinginar. Gabanta babu komai sai ruwa, shuɗi har iyakar gani, ga iska mai sanyi tana busowa. Ta daɗe ba ta ga abin da ya ba ta sha'awa irin wannan ba. Ta ɗaga kujerar ta share ƙarƙashinta, ta mayar.

"Ba za ki zauna ba?" in ji kujerar.

"Bari in rage tsinkayen nan tukuna."

Tsibirin Malta suka fara tsayawa. A can ruwan sama daga ƙasa yake tashi ya tafi sama, saboda haka mutanen garin a cikin lema suke tsayawa, a jirkice, kamar masu wanka a baho. Fasinjoji suka tafi kallon tsofaffin ganuwa da majami'u, Tabawa ta nufi kasuwa zaninta yana jiƙewa daga ƙasa. Ta sami layin masu takalmi, kaya masu kyau, fata mai laushi. Sai dai duk ƙafar hagu ce. Wani mai shago ya ce ƙafar dama ba ta yi a ƙasarsu, sai Napoli. Ta gwada tsinke arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan mai kowane, ta ɗaure hagu arba'in da uku a zani, ta ɗora a ka. Da ta tambayi bunsurun ko yanzu tsintsiyar ta ragu da rabi, ya ce tsinke ba ya rabuwa biyu a doka.

"Yau ma?" in ji kujerar.

"Gobe, in Allah ya kai mu."

Kujerar ma da alama ta saba jin haka.

Daga nan sai wani tsibiri na ƙasar Girka, gidajensa farare kamar an wanke su da bula, an jera su a kan dutse, matakala ɗari shida daga bakin ruwa zuwa gari. A can jakuna ne ke hawa mutane. Aka haɗa Tabawa da wani tsohon jaki mai natsuwa, ta goya shi, suka kama hawa. A hanya ya yi ta nuna mata wurare: ga inda dutse ya taɓa aman wuta, ga inda ake tsayawa a kalli teku. Ta ce ta gode, amma kanta a sunkuye yake, matakala kawai take gani. Da suka kai sama aka ce yau masu takalmi ba su fito ba, sun tafi hutu Funtuwa.

Jakin ya sauka, ya yi mata sannu. Cikin jin nauyi ya ce ya ji an ce za ta biya ta Napoli. Ya zaro tsinke huɗu daga bayan kunnensa.

Ta buɗe baki. Kalmar a'a tana nan a maƙogwaronta, ta ji ta sarai, 'yar gajeruwa. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya sa a samu daidai."

Kwana na biyar da na shida ba ta ma kai ga kujerar ba. Daga nesa ta hango ta, iska tana kaɗa yadin. Bayanta yana ciwo irin na bayan sallar azahar a bakin tasha, lokacin da ƙullu ya ƙare amma wanke-wanke bai ƙare ba. Ta tuna Hairi, da dararen da yarinyar ta kwana tsaye a kan marasa lafiya kafin ta haɗa mata wannan tafiya, sai kunya ta kama ta. Me za ta ce mata in ta tambaya yaya ruwan yake?

Ranar bakwai suka shiga Napoli. A can shuka takalmi ake yi. Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta karɓi tsinkayen, ta kafa kowane a tukunyar ƙasa, ta zuba ruwan tumatir, suka zauna jira. Wato ita tsohuwar ta zauna, Tabawa tana tsaye tana kore tsuntsaye. Ƙafar dama ta yi ta tsirowa ɗaya bayan ɗaya, ta jarirai ta fara nuna. Na jakin ne suka fi jinkiri.

Ta koma jirgi da kaya niƙi-niƙi, babu ko tsinke ɗaya a hannunta sai zaren. Bunsurun ya karɓi zaren, ya duba shi ta sama da ta ƙasa, ya cinye.

"Barka da zuwa, Hajiya. Yanzu ke fasinja ce. A yi hutu lafiya."

Ya ce a bar kayan nan, za su kai kansu. Ya ƙara da cewa saura loma ɗaya ya gama shafin kalanda na ƙarshe, amma zai tauna a hankali saboda ita. Na'urar hawa bene tana aiki, sai dai gefe take tafiya, don haka Tabawa ta bi matakala. Hawa goma sha biyu ta yi tana dafa gwiwa, tana hutawa a tsaye. A hawa na tara ta fara jin iskar. A na goma sha ɗaya har murmushi ta yi.

A bakin ƙofar hawa na ƙarshe ta tarar da takalma. Sun riga ta isowa, sun jeru ƙafa bibbiyu, manya da ƙanana, yadda ake jera su a ƙofar ɗakin da aka yi baƙi. Ta san abin da wannan ke nufi.

Unguwar ce gaba ɗaya. An shimfiɗa tabarmi, an kori Turawa gefe, ana ɓarar gyaɗa. Suka ce sun zo karɓar sautu ne da yi mata sannu da zuwa, ai wurin ba nisa, a-daidaita-sahu biyu suka shiga. Tabawa ta so ta tambaya, tunda kusa ne haka, me ya hana kowa ya zo da ƙafarsa? Ba ta tambaya ba. Ta bi su ɗaya ɗaya tana amsa gaisuwa, tana matsawa wajen kujerar.

Kujerar tana nan, babu kowa a kai. Amma a gefenta Gwaggo Yalwa ce tsaye, ta dogara da sanda, shekara tamanin da ɗoriya, ƙafafunta suna rawa. Ba ta roƙa ba. Ba ta ko kalli kujerar ba, ruwa take kallo. Duk unguwar kuma Tabawa suke kallo.

"Taku ɗaya ya rage," in ji kujerar a hankali.

"Gwaggo, bismillah, ki zauna," in ji Tabawa.

Gwaggo ta zauna, ta jingina, ta sauke ajiyar zuciya. Sunan da ke majinginar ya goge kansa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon tekun, sannan ta juyo da fara'a, tsakaninta da Allah.

"Kai, Tabawa, kin ji daɗinki. Kwana bakwai kina nan kina hutawa abinki."

Tabawa ta so ta yi kuka, amma ko ƙarfin kukan babu. Wata ta nuna ɓawon gyaɗar da ya cika wurin, ta ce bai kamata a bar wa mutane jirgi haka ba. Bunsurun ya taho da sabuwar tsintsiya a baki, doguwa, mai kauri. Tun kafin ta karɓa ta fara jin ƙarar sharar, shar, shar, shar.

Ta buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar kuma ba ta tsaya ba, daga tsakar gida take zuwa.

Ta leƙa bayan ƙofa, babu ƙunshin. Ta fito. Malam Jatau ne a duƙe gaban ɗakin tattabarunsa, wurin da shi kaɗai yake yarda ya share da hannunsa, yana ta fama da wata guntuwar tsintsiya a kan siminti mai kaushi. Tsinkaye suna karyewa, wasu suna zubewa cikin kashin tattabaru. Daga inda take ta gane na Gwaggo Yalwa, ya riga ya zama biyu.

"Innar Hairi, wannan tsintsiyar taki ta mutu," ya ce, bai ɗago ba. "Duk gajeru ne, ba ta kama shara."

Ta buɗe baki za ta ce ya tsaya. Akwai sauran kusan talatin da ba su karye ba, in aka yi sauri za a cece su. Sai idonta ya sauka kan kujerarsa ta yadi, wadda shekara talatin tana ɗagawa ta share ƙarƙashinta. Ta ja ta zuwa inuwa, ta zauna, ta jingina bayanta a hankali har ya taɓa yadin.

"Malam," ta ce, "ka ƙara dannawa. Ga can ma wajen rariya ba ka share ba."